Yadda ake zaɓen ƙaramin majigi ba tare da kwali ya yaudare ka ba

Yawancin masu sayen ƙaramin majigi da ke dawowa da ƙorafi, abu ɗaya ne ya kayar da su: lambar haske da aka buga a jikin kwali. Don haka daga nan za ka fara.

Za ka ga an rubuta lumen 9000 da manyan baƙaƙe (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske). Kada ta ruɗe ka. Juya kwalin ka nemi lambar da ke da ANSI a gefenta, ita ce awon hasken da ke isa bango da gaske. In babu ta, ajiye musu kayansu. A ɗaki mai duhu, ANSI 200 zuwa 300 sun wadatar. In a tsakar gida za ka haska wa yara da maƙwabta, ni ba na sayen abin da bai kai 500 ba, shi ma sai bayan isha'i. Da rana tsaka kuwa, babu ƙaramin majigin da zai yi gasa da ranar Maraɗi, ko nawa ka zuba.

Kada ka biya sai an kunna maka. Nan ne mutane ke jin nauyin mai shago, su karɓi kwali a rufe. Ce masa, "Alhaji, a jona mu gani." Zai so ya matso da shi daf da bango don hoton ya yi ƙyalli. Ja shi baya kamar mita 2 da rabi, nisan da yawancinsu ke buƙata kafin hoto ya kusa inci 100, fitilar shagon kuma a bar ta a kunne. In fuskoki sun koma toka-toka, haka za su kasance a gidanka. Sannan a sa farin hoto zalla, ka duba kusurwoyi huɗu. Ɗigon baƙi ko tabo ruwan ɗorawa na nufin ƙura ta shiga ko allon ciki ya fara ƙonewa. Masu araha na LCD, wato masu haska hoto ta cikin ɗan allon gilashi, sun fi fama da wannan. Na DLP, masu aiki da ƙananan madubai, sun fi jure ƙurar hunturu, sai dai kuɗinsu ya ɗara.

Wata dabarar kwali ita ce 1080p, lambar da ke nuna kaifin hoto: gwargwadon girmanta, gwargwadon kyansa. Da yawa suna karɓar fim mai wannan ingancin ne kawai, amma abin da suke fitarwa 480p ne. Ka sa fim mai fassara a ƙasa: in rubutun ya yi gaɓa-gaɓa, ka gane. Kada ka sauka ƙasa da 720p.

Batir kuma, awa 2 zuwa 3 yawancinsu ke yi, kuma da ka cire waya daga soket hasken ke raguwa. Wasan ƙwallo zai kai, fim ɗin Indiya sai ya mutu ana tsakiyar rikici. In da gurup, wato injin wuta, za ka yi aiki, haɗa da na'urar daidaita ƙarfin wuta, ta fi sayen sabon majigi sauƙi.

Sauran ba su da wuya. A tabbatar akwai ramin HDMI don dikoda, da na USB. Lasifikar ciki ba ta zuwa ko'ina a fili, ka tanadi ta Bluetooth. Allo ba dole ba ne: farin zanin gado da aka ɗaure tamau ya isa, kuma lokacin bazara kada ka ɗora majigin kan katifa, ramukan iskarsa za su toshe.