Modal ɗin ruwa da yashi na bakin kogin Misisifi: kurakuran da na gaji da gani

Gaskiya na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk sabon shiga wannan harka, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Jihar Luwiziyana ta Amurka ta rasa ƙasa sama da murabba'in kilomita 5,000 daga 1932 zuwa yau, teku ya cinye, kuma babban dalili shi ne an yi wa kogin Misisifi ganuwa dama da hagu saboda ambaliya, don haka yashi da lakar da a da suke malala cikin fadama su gina ƙasa yanzu kai tsaye suke wucewa cikin teku mai zurfi. Dabarar da ake ta tattaunawa ita ce a huda ganuwar a sa ƙofa, a karkata wani ɓangare na ruwan da kayan da ya ɗauko zuwa cikin fadama. Kafin a zuba kuɗi sai an gina kogin a kwamfuta an gwada, abin da muke kira modal kenan, yawanci da manhajar Delft3D na cibiyar Deltares ta Holan ko HEC-RAS na injiniyoyin sojan Amurka. To a nan ƙannenmu ke yin ɓarna.

Kuskure na farko, kuma wanda ya fi ba ni haushi: mutum ya saita tsayin ruwa kawai ya ce ya gama. Zai murɗa lambar Manning, wato kaushin gindin kogi, har layin modal ɗinsa ya hau kan layin ma'aunin tsayin kogi na tashar Baton Rouge da na Belle Chasse daram, ya kawo maka zane mai kyau yana murmushi. Ɗan uwa ba ka fara komai ba. Tsayin ruwa shi ne abu mafi sauƙin kamawa a modal, kana iya samun sa daidai alhali gudun ruwan karkatacce ne kuma rabon ruwa tsakanin rassan kogi ba haka yake ba, saboda kuskure biyu kan haɗu su rufe wa juna asiri, zurfin da ka sa ya yi yawa kaushin ma ya yi yawa sai tsayi ya fito daidai. Shi kuwa yashi gudu yake bi, kuma ba bi na wasa ba. A lissafin Engelund da Hansen, wanda ake auna jan yashi da shi, yawan yashin da ruwa ke ja yana tafiya da gudu ninki kansa sau biyar, ma'ana in ka kuskure gudu da kashi 10 cikin 100, yashinka ya kauce da kusan kashi 60. Ka ɗora wannan a kan shekara 50 ka ga ƙasar da ka gina a kwamfuta wadda ba za ta taɓa fitowa daga ruwa ba.

Ni abin da nake yi, kuma ban ce kowa haka yake ba, ba na duba zanen tsayin ruwa sai a ƙarshe. Gudun da aka auna da kwalekwale daga wannan gaɓa zuwa waccan nake fara nema, sai rabon ruwa a kowane reshe, sai yawan ƙasar da ke cikin ruwa. Sannan shekarar da na yi saiti da ita ba da ita nake gwaji ba. In na saita da shekarar babbar ambaliya irin 2011, sai in sake shi a 2012 da kogin ya ja baya sosai saboda fari, ban taɓa ko lamba ɗaya ba. In ya faɗi a nan to ya faɗi, kar ka koma ka murɗa ka ce min ya ci jarrabawa.

Na biyu ya fi na farko tsada, shi ne abin da kake ciyar da modal a bakin shiga. Akwai wani aiki da na gada daga hannun wasu, an riga an shafe watanni kwamfutoci na ta gudu dare da rana, sakamako ya taru an fara rubuta rahoto, sai da na buɗe fayil ɗin iyakar sama, wato bayanin abin da ke shigowa modal daga saman kogi, na ga ashe duk ƙasar da kogin ke ɗaukowa an mai da ita iri ɗaya, girman ƙwaya ɗaya, da layi ɗaya tal mai cewa in ruwa kaza ne to ƙasa kaza ce. Komai sai da muka zubar muka faro daga tushe, kuma ni aka bari da yi wa masu aikin bayani. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Haba jama'a, yashi daban laka daban. Mafi yawan abin da Misisifi ke ɗauke da shi laka ce mai laushi wadda ke yawo a cikin ruwa daga sama har ƙasa, shi kuwa yashi kaɗan ne, kusa da gindi yake tafiya, kuma ba ya motsi sosai sai ruwa ya cika. Amma shi ne ke fara kwanciya a bakin ƙofa ya kafa tudu, ita lakar in ba ta samu wuri mai natsuwa ko ciyawar da za ta riƙe ta ba wucewa take. A ambaliyar 2011 da aka buɗe ƙofar Bonnet Carré sama da New Orleans, ruwan da ya bi ta nan kashi 10 zuwa 20 ne na kogin, amma yashin da ya bi shi kashi 31 zuwa 46 ne, saboda inda ƙofar take a lanƙwasar kogin. To modal mai ƙwaya iri ɗaya ta ina zai nuna maka wannan? Inda ka dasa ƙofa da zurfin bakinta su ke yanke ko yashi za ka samu ko ruwa zalla.

Shi kuma layin nan guda ɗaya na ruwa da ƙasa ƙarya yake yi ta hanya biyu. Ta farko, a ruwa mai yawa iri ɗaya, lokacin da kogi ke cikowa ya fi ɗaukar laka kan lokacin da yake ja baya, don ruwan farko ne ke share abin da ya kwanta tun rani, duk wanda ya taɓa ganin ruwan farkon damina a kwata ya san yadda yake zuwa da datti. In ka haɗe su a layi ɗaya ka ɓatar da makonnin da suka fi amfani a buɗe ƙofa. Ta biyu, tsohon bayani. Kafin 1900 kogin na kai kimanin tan miliyan 400 a shekara zuwa gaɓar teku, tsakanin 1987 da 2006 ya koma kimanin miliyan 145, manyan madatsun ruwa da aka gina a kogin Mizuri, mai zuba cikin Misisifi, a shekarun 1950 sun tare kaso mai yawa, ga kuma siminti da aka shimfiɗa wa gaɓoɓi. Wanda ya kwaso ma'aunin shekaru sittin ya haɗa ya ja layi, kogin da ya mutu yake kwaikwayo. Masu son ɗaukar wannan aiki zuwa Neja Delta ku ma ku kula, Kainji tun 1968 yake tare ƙasa, ga Jebba ga Shiroro, ma'aunin da aka yi kafin su ba na kogin yau ba ne.

Maganina: aƙalla yashi iri biyu da laka iri biyu, layin cikowa daban na ja baya daban, bayanin shekarun baya-bayan nan kawai. Kuma saurin kwanciyar laka kar ka lissafa shi daga ƙwaya ɗaya, ƙwayoyin dunƙulewa suke yi su nutse da sauri ninkin-ba-ninkin.

Saura ƙanana ne amma kullum sai na gan su. Amurkawa da kubik ƙafa a daƙiƙa suke auna ruwa, modal ɗinka kubik mita yake so, bambancin ya kai ninki 35, ka duba sau biyu. Zurfin kogi da tsayin fadama su zama a kan sifili ɗaya, wato daga mafari ɗaya aka auna su, a wurin da ƙasa ba ta fi tsayin gwiwa sama da teku ba santimita 20 ma ɓarna ce. Lambar hanzarta canjin ƙasa ta Delft3D kar ka ɗaga ta lokacin ambaliya don kana sauri. Ragar da modal ke yanka taswira da ita, in idanunta manya ne, ba ta ganin ƙananan hanyoyin ruwa, kuma ta nan laka ke shiga fadama.

Nutsewar ƙasa kuwa ban san me ya sa ake mantawa da ita ba. Gaɓar Luwiziyana tana sauka kusan milimita 9 a shekara in aka yi matsakaici, wani wurin ya fi haka, ƙari a kan hawan teku. Ka bar ta a sifili kuma ka ce min ka gina ƙasa? Haka iska, iskar sanyin hunturu tana tayar da igiya a tafkunan bakin teku ta kwashe lakar da ka kwantar. Sannan modal mai ɗaukar ruwa daga sama zuwa ƙasa a matsayin abu ɗaya ba ya ganin ruwan gishiri mai rarrafe ta gindi, irin wanda ya hauro kogin a 2023 har aka tara masa tudun yashi a ƙarƙashin ruwa don kare ruwan shan mutane.

Kar kuma ka tsaya kallon fadama ka manta da kogin kansa. In ka zare masa ruwa ƙarfinsa raguwa yake ya zubar da yashi a ƙasan ƙofar, kuma kogin hanyar manyan jiragen ruwa ne. Ƙofar West Bay da aka buɗe a 2003 rigimar yashin da ya taru a matsayar jirage ta kai har aka yanke shawarar rufe ta, sai bayan ambaliyar 2011 da ƙasa ta fara leƙowa aka janye. Ita kuwa babbar ƙofar Mid-Barataria da aka tsara ta ɗauki kusan kubik mita 2,100 a daƙiƙa, an fara aikinta a 2023 jihar ta soke shi a 2025, ga tsada ga masunta da masu kiwon kawa, wata dabbar ruwan gishiri mai ɓawo, suna kukan ruwan daɗi zai kashe musu sana'a. Don haka gishirin ruwa ka sa shi a modal tun farko, tambayar da za a fara yi maka kenan a taro.

In kana son sanin ko hannunka ya faɗa, je ka Wax Lake. Magudana ce da aka haƙa a farkon shekarun 1940 daga kogin Atchafalaya, wani reshen Misisifi a Luwiziyana, ba wanda ya yi niyyar gina ƙasa, amma bayan ambaliyar 1973 tsibirai suka fito kuma har yanzu girma suke, ga hotunan tauraron ɗan adam na shekaru da yawa kyauta. Ka faro modal ɗinka daga tsohuwar taswira ka ga ko zai fitar da rassa da tsibirai masu kama da na hoton. In bai yi ba kar ka turo min hasashen shekara 50 na Barataria, ba zan buɗe ba.