Kafin ka kwantar da motarka ƙasa, duba amortisa

Samari da yawa a Yamai na son mota ta kwanta ƙasa ta hau manyan janti, sai su je garaji makanike ya yanke musu risor, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, a bar tsohuwar amortisa, wato abin da ke kwantar da girgizar mota, yadda take. Don Allah kar ka yi haka. Amortisar da ta zo da mota an ƙera ta ne daidai tsayinta na asali, in ka sauke motar sandar ciki ta riga ta nutse tun kana tsaye, wurin motsi ya ragu, ko wane dodan ka taka sai ka ji gam har cikin baya, ba a jimawa mai ya soma tsiyaya.

Fara yanke shawarar santimita nawa za ka sauke. Ni dai a hanyoyinmu santimita 3 ya isa, don in damina ta kama kuma gidanku ba bakin gudron yake ba, in ka wuce haka karter, tukunyar man inji da ke ƙasan mota, ne zai sha duka.

Sai ka nemi risor na saukewa na gaske irin Eibach ko H&R, ka haɗa da gajerar amortisa da aka yi dominsu. Bilstein B8 don wannan aikin aka yi ta, B6 kuwa ta motar da ba a taɓa tsayinta ba ce, mutane na yawan rikita su. Koni Sport, rawayar nan, ana iya ƙara mata tauri ko a rage. KYB Excel-G ba ta da laifi amma madadin ta asali ce kawai. In kana yawan bin hanyar Konni zuwa Tawa cikin zafi ɗauki amortisa mai bututu guda, ta fi saurin huce zafi kan mai biyu. Amortisa masu zaren nan da ake murɗawa don ɗaga mota sama ko sauke ta ƙasa kam tsada gare su, kuma rairayi na cika zaren.

In okaziyo za ka saya a kasuwar Katako, tafi da kartigiris a duba samfuri da shekarar mota, danna sandar da hannu, ta gas ya kamata ta dawo da kanta sannu sannu, in ka ga danshin mai ko tsatsa a sandar aje musu abinsu. Biyu biyu ake canzawa, hagu da dama, har da robar da ke tare bugu. Ka ce ma makanike ya ƙarasa ɗaure kusoshin hannuwan ƙafa bayan an sauke motar kan tayoyinta, daga nan ka wuce a yi maka paralelizim, wato saita tayoyi, in ba haka ba taya za ta cinye ta ciki.