Yadda ake auna kewayen duniya da sanda da inuwa a filin makaranta

Duk malamin labarin ƙasa da ya taɓa riƙe 'yan aji ɗaya na babbar sakandare ya san darasin nan. Ka zana ƙwallo a allo, ka ja masa layuka a kwance (latitud) da a tsaye (longitud), ka ce digiri ɗaya na latitud kilomita 111 ne. Yara su kwafa. Ka ce an gane? Su haɗa baki: "Mun gane, Malam." Bayan sati biyu ka ba da gwaji, rabin aji su ninka inda ya kamata su raba. Lambar daga sama ta faɗo musu, ba su san uwarta ba balle ubanta. Aikin da zan bayyana a nan zai sa su haƙo ta da hannunsu, kuma ba ya cin kuɗin da ya wuce na alli da kwali.

Fara da labari, kwana ɗaya ko biyu kafin a fita fili. Sama da shekara 2,200 da suka wuce, wani masani mai suna Iratostinis, wanda ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar, ya ji cewa a garin da yau ake kira Aswan, a kudancin Masar, akwai ranar da rana ke take tsaka har abu ya rasa inuwa, an ce har gindin rijiya take haskawa. A wannan ranar ya auna inuwa a Iskandariyya, ya ga ta karkata da kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, wato digiri 7.2. Sai ya ce to, tazarar garuruwan nan biyu ita ma kashi ɗaya ce cikin 50 na kewayen duniya, ya ninka ta sau 50. Shi ke nan. A wajen shekarar 830 ma Halifa Ma'amun na Abbasiyawa ya tura masana filin Sinjar, a arewacin Iraƙi ta yau, su auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa. In ka kai nan ka tsaya, kada ka faɗi ainihin amsar, kuma ka hana su leƙa waya. Ka ce jibi mu ma za mu gwada.

Zaɓen rana

Ranakun da suka fi sauƙi biyu ne a shekara: wajen 21 ga Maris da wajen 23 ga Satumba, lokacin da dare da yini ke daidaita. A ranakun nan rana tana bisa kan layin ikwaita, wanda ya raba duniya biyu arewa da kudu, saboda haka kusurwar inuwar tsakar rana ita ce latitud ɗin garinku kai tsaye, ba sai an yi wani ƙari ko ragi ba. Ni Maris nake zaɓa. A Satumba damina ba ta gama sallama ba, gajimare ɗaya zai iya cinye maka darasin. Maris kuma zafinsa ba wasa ba ne, sai ka tanadi ruwan sha, ka bar aji a inuwar bishiya, kowace ƙungiya ta tura mutum biyu su yi alama su dawo.

Kafa sanda

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake ɓata shi. Kowace ƙungiya ta yara biyar ko shida tana buƙatar sanda miƙaƙƙiya, faffaɗan kwali, fensir, rula ko tef ɗin awo, da zare da aka ɗaura wa noti ko ƙaramin dutse. Kada ka yarda da ƙarfen tutar makaranta; yawancinsu sun ɗan sunkuya, ido ne kawai ba ya gani. Guntun katako daga wajen kafinta ko sandar tsintsiyar bature ya wadatar.

A nemi wuri shimfiɗaɗɗe baiɗaya, daɓen siminti ya fi. Don tabbatarwa, ajiye faranti ka zuba ruwa: in ya taru gefe guda, a canza wuri. A cika gwangwanin madara babba da yashi a soka sandar, ko a kafa ta a ƙasa a gefen daɓen, a tabbata tsayinta daga inda inuwa za ta kwanta zuwa kanta mita ɗaya ne cif. Sannan a saki zaren nan mai noti a jikinta, a duba ta gabas, a zagaya a duba ta arewa. Yara suna duba gefe ɗaya su ce ta miƙe. Ka sa su zagaya.

Akwai wata 'yar dabara da na koya bayan na sha wahala. Bakin inuwa ba ya fita tas, musamman in akwai sauran hazo, sai ka ga yara uku suna gardama a kan inda ta ƙare. Huda marfin kwalba da ƙusa, ka manna shi a kan sandar yadda zai ɗan leƙo gefe. Ɗigon haske zai sauka a cikin inuwar marfin, shi za a riƙa yi wa alama. Sai dai awon tsayi ya koma daga hudar zuwa ƙasa, awon inuwa kuma daga inda notin zare ya taɓa ƙasa a ƙarƙashin hudar.

Kamun tsakar rana

Karon farko da na yi wannan aiki, ƙarfe 12:00 na bugawa na ce a auna. Muka auna, muka tattara kaya. Wani yaro da mahaifinsa ladan ne ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ce, "Malam, ai rana ba ta take ba tukuna, inuwar raguwa take yi." Gaskiyarsa. Abin da muke nema shi ne lokacin da inuwa ta kai iyakar gajartarta kafin ta fara ƙaruwa, wato gab da zawali, abin da malaman zaure suka daɗe suna auna wa da taku don sanin shigar azahar. Agogo bai san wannan ba.

Dalili kuwa darasi ne mai zaman kansa. Agogon Najeriya da Nijar an ɗora shi ne a kan longitud na digiri 15 gabas, Kano kuma tana wajen digiri 8.5. Duniya tana juya digiri ɗaya a minti 4, saboda haka digiri 6.5 ya ba da jinkirin minti 26. Ga kuma ɗan gaba da baya da rana ke yi wa agogo a cikin shekara, saboda karkatar duniya da kuma hanyarta da ba cikakkiyar da'ira ba ce. Shi ya sa a Kano tsakar ranar 21 ga Maris ke faɗawa wajen 12:33, ta 23 ga Satumba kuma wajen 12:19. In ka ga idanu sun fara yin nauyi da lissafin, tambaye su me ya sa mutanen Maiduguri ke shan ruwa da azumi kusan rabin awa kafin na Sakkwato. Tsakaninsu wajen digiri 8 ne. Su ninka da 4 su gani. Wannan lissafin shi ne dai wanda ke fitowa a jarrabawar WAEC da NECO, sun daɗe suna rayuwa a cikinsa ba su sani ba.

To a fara alama tun 11:50, duk bayan minti 5 a ɗiga fensir a kan kwali a rubuta lokaci a gefensa, har zuwa 1:10. A danne kwalin da duwatsu, kowa ya san iskar bazara. Bayan an gama a auna kowace alama daga gindin sanda, a ɗauki mafi gajarta. Ka ja hankalinsu ga wani abu: a ranar daidaiton dare da yini ɗigogin suna jeruwa kusan a miƙe, daga yamma zuwa gabas. Sun samu gabas, yamma, kudu da arewa ba tare da kamfas ba.

Daga inuwa zuwa kusurwa

A Kano sandar mita ɗaya za ta ba da inuwar wajen santimita 21. A Damagaram wajen 24 da rabi, a Agadas sama da 30 kaɗan, a Makurɗi wajen 13 da rabi. Ka riƙe waɗannan a ranka don ka gane ƙungiyar da ta kauce, amma kada ka furta.

A koma aji. Kowa ya rage awon sau biyar ya zana a takarda: layi a tsaye santimita 20, layi a kwance a gindinsa santimita 4.2, a haɗa bakunansu. Kusurwar da ke sama, wajen kan sanda, ita za a auna da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin kayan lissafi. Ya kamata ta ba da digiri 12 ko kusa. Masu kalkuleta za su iya tabbatarwa da lissafin tan, amma zanen ya fi zama a kai. Yanzu a buɗe littafin taswira a nemo Kano. Shirun da aji ke yi idan suka ga layin digiri 12 ya ratsa ta, shi ne ladan malami a ranar.

Makaranta ta biyu

Iratostinis gari biyu ya yi amfani da su, kai ma sai ka nemi abokin aiki. Sharaɗin shi ne garin ya kasance kudu ko arewa da ku sosai, kusan a kan longitud ɗaya. Makurɗi tana kudu da Kano ɗoɗar. Kalaba ta fi, don tana wajen digiri 5 arewa da ikwaita, bambancinta da Kano digiri 7 ke nan, kusan irin na Iskandariyya da Aswan. Abokin karatu ko wanda kuka yi bautar ƙasa tare ya isa. Ku yi awon rana ɗaya, ku tura wa juna hoton kwali ta WhatsApp.

Sai lissafi. A raba 360 da 7, a samu 51 da ɗoriya. Tazarar Kano da Kalaba a miƙe wajen kilomita 780 ce, a auna ta da rula da sikelin taswira. Kada a tambayi direban tasha, shi hanyar mota ya sani da duk kwane-kwanenta. A ninka, a samu wajen kilomita 40,100. Kewayen duniya ta kan ikwaita 40,075 ne, ta kan ƙuryar arewa da ƙuryar kudu na duniya kuma 40,008. Idan ba a samu makaranta ta biyu ba, ikwaita kanta ta zama abokiyar aiki, tunda a can inuwar ranar sifili ce: digiri 12 da tazarar wajen kilomita 1,330.

Ba kowace ƙungiya ce za ta samu 40,000 ba, kuma ina roƙonka kada ka gyara musu lamba. Kuskuren santimita ɗaya a inuwar sandar mita ɗaya ya haura rabin digiri. Da Makurɗi, inda bambancin digiri 4.3 ne a kan kilomita 475, rabin digiri yana iya kai amsar 45,000 ko ya sauko da ita 35,600. Rubuta sakamakon kowace ƙungiya a allo, mai kyau da maras kyau, ka ce kowa ya kare nasa. Za ka ji ana cewa sandarsu ta sunkuya, kwalinsu ya motsa, wane ne ya taka gwangwani. A fitar da matsakaici, sannan ka ce a raba shi da 360. Lambar da za ta fito ba za ta yi nisa da 111 ba, sai ka nuna musu inda suka kwafe ta a littafinsu makonnin baya.

In son samu ne a bar sanda ɗaya a kafe har ƙarshen zango na uku, a riƙa auna ta kowace Litinin. Inuwar tsakar rana a Kano za ta yi ta raguwa har ta ɓace wajen 21 ga Afrilu, sannan ta ɓullo ta kudu, ta zauna can har wajen 21 ga Agusta. Wannan ya shafi awon gari biyu: in aka yi shi a farkon Afrilu, ta Kano na kallon arewa ta Kalaba na kallon kudu, to haɗa kusurwoyin za a yi maimakon ɗebewa. Ka gaya wa mai gadi da masu shara amfanin sandar tun da wuri. Tawa ta farko, a murhun mai sayar da wake da shinkafa ta ƙare.