Kurakuran da ke Busar da Gasasshen Naman Gadon Baya

Akwai wata doguwar tsoka da ke kwance a jikin ƙashin gadon baya ta ciki, wadda mahauta suka san babu kamarta wajen taushi a jikin sa ko rago, domin dabba ba ta wahalar da ita wurin tafiya. Sai dai kusan ba ta da kitse, shi ya sa mutum zai saye ta da tsada, ko ya ware ta daga ragon layya, amma ta sauko daga wuta a bushe kamar kilishi aka yi niyya.

Babban kuskuren shi ne barin ta a wuta har ta daina fitar da ruwa. Mu a Sakkwato mun saba da suyar naman Sallah da ake ƙafewa don ya yi makonni, da kuma balangu wanda kitsensa ke kare shi, don haka hannunmu ya saba da jan lokaci. Ita kuwa wannan tsoka, da zarar zafi ya yi mata yawa sai zarenta ya tsuke ya matse ruwan da ke ciki. Gyaran shi ne a fara ɗora ta a kasko mai zafi sosai da ɗan man gyaɗa, kamar minti 2 kowane gefe har bayanta ya yi ja, sannan a mayar da ita tanderu mai zafin digiri 200 a ma'aunin Celsius. Ta rago siririya ce, mintuna kaɗan sun ishe ta, ta sa kuwa takan kai minti 20 ko fiye gwargwadon kaurinta. Wanda ke da ma'aunin zafin abinci ya sauke ta idan tsakiyarta ta kai digiri 63. Mai gashi da gawayi ya jira harshen wuta ya mutu, ya ture garwashi gefe guda, ya ƙarasa gashin a inda zafi bai tsananta ba.

Na biyu shi ne gaggawar yankawa. Na taɓa gasa irin wannan tsoka wata ranar Sallah, yara sun kewaye ni da faranti, na sa mata wuƙa tana sauka, ina kallo romon da na yi ta tattali ya malale a kan tire, naman ya koma kamar ɓawon itace. Tun daga ranar nake rufe ta na bar ta ta huta minti 10, ruwan ya zauna a jikinta, sannan in yanka a gicciye, ba bin tsawon zare ba.

Mutane da yawa kuma suna barin farin tantanin nan mai sheƙi da ke manne a bayanta, alhali wuta ba ta narkar da shi, sai dai ya tsuke ya lanƙwasa naman. A zura bakin wuƙa a ƙarƙashinsa a ɗaye shi, kuma a tsane jikin naman da tsumma mai tsabta, domin jiƙaƙƙen nama dahuwa yake yi maimakon gasuwa.

Gishiri a sa shi tun da wuri, aƙalla minti 40 kafin gashi, don ya ratsa. Yajin ƙuli-ƙuli kuwa yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci, saboda haka a bari sai an kusa saukewa a shafa man gyaɗa a barbaɗa kaɗan, sauran a kai shi gefen faranti tare da yankakkiyar albasa.