Kurakuran da suka cinye min turame biyu

Wallahi na gaji da ganin mutum ya riƙe kumatu yana tambayar wane magani ne ke kashe ciwon haƙori. Ni ba likita ba ne, amma ruɓewar haƙori ta raba ni da turame biyu kafin na yi hankali, kuma duk wanda na gani da wannan matsala sai na tarar hanyar da na bi ya biyo, taku ɗaya babu bambanci.

Bari na fara da kuskuren da ya fi ƙona min rai: jira sai ya yi ciwo, in ya yi ciwon kuma a danne shi da ƙwaya. Nawa ya fara ne da ɗan baƙin ɗigo a turmin ƙasa, in na sha ruwan sanyi sai na ji tsam, daƙiƙa biyu ya wuce. Na ce ai ba komai. Aka kwashe watanni, abinci ya fara maƙalewa a wurin, na zama kullum da tsinke a hannu ina sakace. Sai zogin dare ya zo, irin wanda kake ji har cikin kunne da rabin kai, na shiga haɗiyar parasitamol kamar abinci, wani ya ce na danne asfirin a jikin haƙorin na danna, ya ƙone min dasashi wurin ya yi fari fat ya saluɓe, ciwo ya zama biyu. Dan Allah kar wanda ya ƙara yin wannan, asfirin asid ne, haɗiye shi ake yi ba a ajiye shi a kan nama.

To sai wata rana na tashi ciwo ya ɗauke ɗif. Har ina ba mutane labari wai na warke. Ashe jijiyar ce ta mutu! Haƙori yana da ɓawo mai ƙarfi a waje, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam kuma babu jijiya a cikinsa, shi ya sa ruɓa ke cin sa kai baka san ana yi ba. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi, nan ne ruɓa ke gudu da sauri kuma nan ne tsam ɗin nan ke farawa, can tsakiya kuma jijiya da hanyoyin jini. In ƙwayoyin cuta suka isa tsakiyar sai jijiya ta kumbura a ɗakin da babu wurin buɗawa, zogin kenan, daga ƙarshe ta mutu ka daina ji, su kuwa suna nan suna gangarawa ƙarshen saiwa suna tara mugunya. Bayan 'yan makonni fuskata ta haye, ido ɗaya ya kusa rufewa, baki da ƙyar yake buɗuwa. Likitar da ta duba ni cewa ta yi da na zo tun yana ɗigo ciko kawai za a yi, da na zo lokacin zogi ma za a iya cire jijiyar a wanke cikin saiwar a cike haƙorin ya zauna, amma yanzu bangonsa ya farfashe babu abin da za a ɗora a kai. Aka cire. Kuma masu sayen antibayotik da kansu ku ji, zai iya sassauta kumburi na ɗan lokaci amma baya toshe rami, baya fitar da mataccen abin da ke cikin haƙori, ciwon zai dawo. In kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, ga zazzaɓi, haɗiyar yawu ko numfashi na wahala, wannan asibiti ake nufa a daren, ba a jira gari ya waye, don yana iya toshe maƙogwaro.

Na biyu shi ne wanda ya ci ɗaya turmin, kuma shi mutane suka fi musu a kai. Sai ka ji an ce ni fa bana shan zaƙi da yawa. Haba ɗan uwa, sau nawa zaƙin ke shiga bakinka a wuni? Tambayar kenan. Babu wata tsutsa a haƙori, abin da ke akwai yauƙin nan ne da ke manne a jikinsa, cike yake da bakteriya irin su Streptococcus mutans, suna cin sukari suna fitar da asid, asid ɗin yana narkar da ɓawon. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki asid zai yi aiki kamar minti 20 zuwa 30 ko fiye kafin miyau ya wanke shi ya fara mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa. Ni kuwa a wurin aiki kofin shayi mai sukari na gefena tun safe ina kurɓa kaɗan kaɗan, in ya ƙare alawa a kumatu, da yamma lemon kwalba. Kenan bakina bai taɓa samun hutu ba, miyau na gini ana rushewa. Wanda ya cinye biskit goma a zama ɗaya bayan abinci ya fi ni tsira, ni da nake tsintar ɗaya ɗaya har dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wajen ƙaramin cokali 12 ga babba, in an sauko zuwa 6 ya fi. Ni ban iya wannan lissafin kullum ba gaskiya, abin da na yi kawai shi ne zaƙi sai tare da abinci, tsakanin abinci ruwa zalla. Shayin ma ban daina ba, shanyewa nake a zama ɗaya na ture kofin.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Goge baki da safe kawai a kwanta da dare haka nan: na dare ya fi muhimmanci, miyau raguwa yake in ana barci. Kurkure baki da ruwa bayan an goge: tofarwa ake yi a bar sauran man, in ka kurkure ka zubar da fuloraid ɗin da ke ƙarfafa ɓawon, ni sai da na yi sati ina jin wani iri kafin na saba. Duba jikin man kafin ka saya, na manya a samu fuloraid 1350 zuwa 1500 ppm (ma'aunin yawansa a cikin man kenan), ƙamshi da yawan kumfa ba su ne aikin ba. Buroshi mai tauri da dirza sai kace ana wanke tukunya, dasashi kake ci, ɗauki mai laushi ka yi minti 2, ka canza shi duk wata 3. Tsakanin haƙora buroshi baya shiga, zaren sakace ne ke shiga, kuma can ruɓa ta fi son ɓuya. In ka sha abu mai tsami ko ka yi amai, kurkure da ruwa ka jira kamar rabin awa kafin ka goge.

Iyaye kuma, ku ne kuke ban haushi da maganar nan ta ai haƙorin yarinta ne zai faɗi. Eh zai faɗi, amma kafin ya faɗi yaron yana kwana kuka, baya iya tauna, kuma in aka cire shi da wuri na kusa su matso su tare wa na dindindin hanya ya fito a karkace. Ga wanda kusan kowa ke faɗawa: wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa can baya ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, to wannan na dindindin ne, babu wani a bayansa. Ɗan yayata saura kaɗan ya rasa nasa, ana ta cewa zai yi famfara. A fara goge wa yaro tun haƙorin farko, man kamar ƙwayar shinkafa kafin shekara 3, daga nan a ɗan ƙara kamar ƙwayar wake ƙarama, kuma babba ya riƙa taya shi har wajen shekara 7. Kar a kwantar da jariri da fida mai zaƙi a baki, haƙoran gaba na sama ne ke fara tafiya.

Yanzu ni duk wata 6 nake zuwa a duba ni ko babu abin da nake ji, wasu likitocin suna cewa mai lafiyayyen baki zai iya ɗaukar fiye da haka, amma ni da tarihina bana wasa. A zuwan da na yi na baya an ga wani farin tabo kamar alli kusa da dasashi, matakin farko kenan tun bai zama rami ba, a nan ne kaɗai ruɓa ke iya komawa baya. Fuloraid aka shafa min a wurin na tashi na tafi, ko allura ba a yi ba.