Yadda za ka tsara kuɗin ritaya don kada faɗuwar kasuwa ta tilasta maka sayarwa

Mai albashi idan ya ji hannayen jari sun faɗi, yana iya kashe rediyo ya ci gaba da harkarsa. Ƙarshen wata kuɗi na shigowa, kuma duk jarin da ya saya a lokacin da araha ya same shi. Wanda ya yi ritaya ba shi da wannan gatan, domin shi kullum mai sayarwa ne, daga jarin yake ci. Aikin akanta na yi har na ajiye, kuma tsarin da ni da maiɗakina muke bi manufarsa ɗaya ce: ranar da kasuwa ta kwanta, kada buƙatar gida ta sa mu sayar da jarinmu a wulaƙance.

Bari in nuna dalilin da lissafi, don shi na fi yarda da shi. A ce mutum biyu ne, kowa na da 1,000, kowa na cire 50 a farkon shekara. Na farko kasuwa ta faɗi da kashi 30 cikin ɗari a shekararsa ta farko, ta tashi da kashi 10 a ta biyu, ta tashi da kashi 30 a ta uku. Na biyu shekarun nan uku ya samu, sai dai a juye: tashi da 30, tashi da 10, sannan faɗuwa da 30. Da ba su taɓa kuɗin ba, da kowa zai ƙare da kusan 1,001. Amma tunda suna cirewa, na farko ya ƙare da 814, na biyu da 877. Bambancin ya fi abin da mutum ke ci a shekara guda, a cikin shekara uku kacal. Abin da ya cuci na farko shi ne ya sayar a ƙasa, kuma abin da aka sayar ba ya nan da za a tashi da shi. Shi ya sa shekarun farko na ritaya suka fi kowane lokaci haɗari.

Kafin ka taɓa jari, zauna da bayanan asusunka na banki na shekara guda cif. Na wata ɗaya ba ya faɗin gaskiya. Abin da ke karya mai ritaya galibi ba ya zuwa wata-wata: gyaran rufin gida, canjin tayoyin mota, tabarau, likitan haƙori, ɗan da aikinsa ya tsaya, ɗan'uwan da aka kwantar a asibiti. Raba abin da kuka kashe gida biyu. Akwai na dole, wato ci da sha, muhalli, magani, wuta da ruwa, inshora, haraji. Akwai kuma na jin daɗi, irin su tafiye-tafiye, sabuwar waya da kyauta. Taimakon 'ya'ya da dangi ni a na dole nake sa shi, amma da adadi a rubuce. Wanda ya ce na jin daɗi ne yana yaudarar kansa, ai in an buga waya ba zai iya cewa a'a ba. Gara ya san iyakarsa tun kafin wayar ta yi ƙara.

Daga nan sai ka lissafa abin da ke shigowa ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi, wato fansho da duk wani biya tabbatacce. Kuɗin haya idan kana da shi, kada ka sa shi duka, ka rage wani abu saboda watannin da gida zai zauna ba kowa da kuma gyara. Cire abin da ke shigowa daga abin da ke fita. Abin da ya rage shi ne giɓin da jarinka zai riƙa cikewa duk shekara. Wannan adadin ya fi jimillar dukiyarka muhimmanci, don a kansa za ka auna komai.

Mu giɓin shekara biyu muke ajiyewa a tsabar kuɗi, a asusun ajiya da ake iya cirewa ba tare da tara ba. Duba ko hukumar da ke tsaron ajiyar bankuna a ƙasarku tana da iyakar abin da take biya idan banki ya durƙushe. Idan ajiyarka ta haura iyakar, raba ta tsakanin bankuna biyu. Wannan kuɗin ba don riba aka ajiye shi ba. Duk wata muna tura wa asusun cefane adadi ɗaya daga cikinsa, a rana ɗaya, tamkar albashi. Wannan ɗan tsarin ya fi duk wata nasiha kwantar da hankalin gida.

Shekara biyu ta isa? Wani lokaci har ta yi yawa, wani lokaci ba ta kai ba. A 2020, lokacin annobar korona, ma'aunin S&P 500, mai nuna farashin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kusan kashi 34 cikin ɗari tsakanin Fabrairu da Maris, amma kafin Agusta ya ƙare ya koma inda yake. A rikicin da ya gabace shi kuwa, daga Oktoban 2007 zuwa Maris na 2009 ya rasa fiye da rabin darajarsa, kuma bai sake taka tsohon matsayinsa ba sai Maris na 2013. Don haka bayan tsabar kuɗi akwai mataki na biyu: giɓin ƙarin shekara uku zuwa biyar a takardun lamuni na gwamnati, wato ka ba gwamnati bashi ta biya ka idan wa'adi ya cika, ko sukuk, makamancinsu na tsarin Musulunci, ga wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Na fi son a saye su a jere, wannan wa'adinta ya cika baɗi, waccan shekarar da ke biye, haka har ƙarshe. Duk wadda wa'adinta ya cika sai ta zuba cikin asusun tsabar kuɗi.

Dalilin jerin shi ne abin da ya faru a 2022. An daɗe ana cewa idan hannayen jari suka faɗi, takardun lamuni za su riƙe mutum. A shekarar nan manyan bankunan ƙasashe suka yi ta ƙara kuɗin ruwa don yaƙi da hauhawar farashi, sai biyun suka faɗi tare. A Amurka hannayen jari sun yi ƙasa da kusan kashi 18, takardun lamuni kuma da kusan kashi 13. Wanda ya sayar a tsakiya ya ji jiki. Wanda ya riƙe takardarsa har wa'adinta ya cika an biya shi abin da aka rubuta a kanta, muddin wanda ya ci bashin bai gaza ba.

Wani zai ce, to me zai hana a bar komai a tsabar kuɗi a huta? Hauhawar farashi ce za ta hana. Raba 72 da yawan hauhawar shekara, za ka ga shekarun da kuɗinka zai ɗauka kafin ya sayi rabin abin da yake saye yau. Idan kashi 6 ce, shekara 12. Idan kashi 12 ce, shekara 6. Wanda ya ajiye aiki yana da shekara 60 yana iya rayuwa wasu 25 ko 30, kuma fanshon da ba a ƙara shi bisa tsadar rayuwa haka zai yi ta ƙanƙancewa. Saboda haka abin da ya rage bayan matakan nan biyu yana zama a hannayen jari, kuma ba ka da niyyar taɓa shi nan kusa.

A nan gargaɗina guda ne, kada a tara shi wuri ɗaya. Na ga abokan aiki da yawa da duk jarinsu na kamfanin da suka yi wa aiki ne, saboda sabo da ƙauna. Ko ƙasa guda ma ba ta isa ba. Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai ƙololuwa a Disamban 1989, bai sake wuce wurin ba sai Fabrairun 2024, shekara 34 ke nan. Hanya mafi sauƙi ita ce asusun da ke sayen ɗan kaɗan daga kowane kamfani da ke cikin ma'aunin kasuwa, irin wanda John Bogle na kamfanin Vanguard ya buɗe wa jama'a a 1976. Sannan ka tambayi dillali ko manajan asusu nawa suke cirewa duk shekara, a rubuce, har da ƙananan caji. Idan kai kana cin kashi 4 na dukiyarka su kuma suna cire kashi 2, to rabin abin da gidanka ke ci ne suke ɗauka, kuma su ko kasuwa ta faɗi sai sun ɗauka.

Kashi 4 ɗin nan yana da asali. A 1994 wani mai ba da shawara kan kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar ƙasar tun daga 1926. Ya gano cewa wanda ya raba dukiyarsa rabi hannayen jari rabi takardun lamunin gwamnati, ya cire kashi 4 a shekarar farko, sannan ya riƙa ƙara adadin daidai da hauhawar farashi, kuɗinsa ya kai shi aƙalla shekara 30 a duk lokutan da ya duba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda suka fi shan wuya. Waɗanda suka yi ritaya a shekarun 1960 ne, hauhawar farashin shekarun 1970 ta fi cin su fiye da yadda faɗuwar 1929 ta ci na gabansu. Amma ka tuna tarihin ƙasa ɗaya ne, wadda kasuwarta ta yi sa'a a ƙarnin, kuma lissafin bai sa cajin manaja ba. Ni ma'auni nake ɗaukarsa. Raba giɓinka da jimillar jarinka. Idan ya fito 3 ko 4 cikin ɗari, kana kan hanya. Idan ya kai 6 ko 7, matsalar tana gida tun kafin kasuwa ta motsa, sai a rage kashewa, ko a nemi ɗan aikin da ke kawo wani abu, ko a koma ƙaramin gida.

Sauran aikin na shekara-shekara ne. Mun tsayar da wata ɗaya da muke zama mu duba, ba ma buɗe manhajar jari kullum. Idan shekarar ta yi kyau, muna sayar da wani abu daga hannayen jari mu cike tsabar kuɗi da jerin takardun lamuni. Idan ta yi muni, ba ma sayar da komai. Daga tsabar kuɗi muke ci, ba ma ƙara wa kanmu adadin wata a shekarar, kuma muna yanke wani abu daga na jin daɗi. Rubuta wannan ƙa'ida yanzu da hankalinka ke kwance, ku sa hannu ku biyu. Ranar da labarai suka cika da tashin hankali, takardar za ka karanta.

Bashi mai kuɗin ruwa mai yawa, irin na katin banki, biya shi kafin komai, don da wuya jari ya ba ka ribar da ta kai abin da yake ci. Inshorar lafiya kada ta yanke ko da wata guda.

Masu damfara sun san ranar da garatuti ke shiga, kuma lokacin da kasuwa ke tangal-tangal suka fi samun masu saurare. Alamarsu riba mai tsoka wadda wai ba ta taɓa yin ƙasa, da gaggawa, da cewa kada ka gaya wa kowa. Bernard Madoff ya shafe shekaru yana nuna wa mutane riba mai santsi irin wannan, alhali kuɗin sababbi yake biyan tsofaffi da shi, har asirinsa ya tonu a Disamban 2008. Cikin waɗanda ya cuta akwai bankuna da ƙwararru. Duk wanda ya gayyace ka taron koyar da jari kyauta, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Tabbatar yana da rajista da hukumar da ke kula da kasuwar jari a ƙasarku, ka kwana a kan maganar, ka kuma gaya wa mutum ɗaya da ba zai ci komai a ciki ba.

A yawancin gidaje mutum ɗaya ne ya san inda komai yake, kuma ba a san wanda zai riga wani rashin lafiya ko rasuwa ba. Rubuta shafi ɗaya: sunan kowane banki da asusu, mai biyan fansho, kamfanin inshora, inda takardun gida da wasiyya suke, da wanda za a kira. Lambobin sirri kada su hau wannan shafin, a ajiye su daban. Duba ko fanshonka zai ci gaba ga matarka ko mijinki bayan rai ya yi halinsa, da kashi nawa, sannan ku sake lissafin giɓin da wannan adadin. Sunayen magada da ke kan asusun fansho da inshora a sabunta su duk lokacin da aka yi aure, rabuwa ko rasuwa a gidan. A zaman shekara mai zuwa, wanda bai saba ba shi zai riƙe takardun ya tura kuɗin watan da hannunsa, ɗayan na zaune a gefe.