Babi na Huɗu: Gidajen Lamba, Tarawa da Siffofi

Duk wanda ya taɓa sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ko ya ba da canji a bakin titi a Agege, ya san lissafi da ka. Wannan babi zai nuna muku yadda ake sauke lissafin nan a takarda, domin ku iya zama da yaro ɗan aji ɗaya ko aji biyu na firamare idan ya dawo da aikin gida.

Ku tanadi tsinken tsintsiya guda 120, a kakkarya su daidai tsawon yatsa, da roba ko zare na ɗauri, da takarda da fensir.

Gidajen lamba

Lambobi goma ne kawai: 0, 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8, 9. Da su ake rubuta kowane adadi, komai yawansa. Darajar lamba tana ga gidan da ta zauna. Ku ja layi biyu a tsaye a kan takarda, gida uku ke nan. Na dama shi ne gidan ɗaiɗai, na tsakiya gidan goma-goma, na hagu gidan ɗari-ɗari. A littafin yaro za ku ga malami ya sa U a kan gidan ɗaiɗai, T a kan gidan goma-goma, H a kan gidan ɗari-ɗari. Abu ɗaya ne. Wanda ya saba da ajami ya lura: ana karanta adadi daga hagu, amma ana ƙirga gidaje daga dama.

Doka ɗaya ce ke riƙe da komai: gida ba ya ɗaukar abin da ya wuce tara. Da zarar tsinke ya cika goma, sai a ɗaure shi ya zama dami ɗaya, ya ƙaura gidan hagu. Dami goma kuma a haɗa su babban dami, ɗari ke nan.

Ku ba yaro tsinke 34 ya ɗaure da hannunsa. Zai sami dami uku, saura huɗu. Ya rubuta 3 a gidan goma-goma, 4 a gidan ɗaiɗai. Sai ku ce ya haɗa 43. Idan ya ajiye su gefe da gefe, idonsa zai gaya masa wanne ya fi yawa. Kada ku yi gaggawar karɓe tsinken. Yaron da aka kai shi ga fensir tun bai ɗaure dami ba, hadda yake yi, kuma hadda tana zubewa ranar da lambobi suka canza.

Sifili mai gadin gida ne. Aikinsa ya nuna cewa gidan nan babu kowa, amma yana nan. Ku ce wa yaro ya rubuta ɗari da biyar. Yara da yawa za su rubuta 1005, domin sun rubuta abin da kunnensu ya ji: 100, sannan 5. Wasu kuma su rubuta 15. Maganinsa a koma takarda mai gida uku: babban dami ɗaya a hagu, tsakiya fanko, tsinke biyar a dama. Amsa 105.

Akwai kuma abin da ya shafi bakinmu. Mukan ce "ashirin ba ɗaya", yaro ya ji ashirin ya ji ɗaya, ya rubuta 21. Lokacin darasi ku riƙa cewa goma sha tara, ya rubuta 19. Daga baya sai ku nuna masa cewa sunan adadi ɗaya ne guda biyu.

Tarawa da ɗebewa

Mu tara 27 da 15. A rubuta ɗaya ƙarƙashin ɗaya, 7 a kan 5, 2 a kan 1. Kullum daga dama ake farawa. Bakwai da biyar sha biyu: dami ɗaya da tsinke biyu. A rubuta 2, a ɗauki damin nan a kai shi gidan goma-goma, a sa ƙaramin 1 a sama don kada a manta. Biyu da ɗaya da wanda aka kawo, huɗu. Amsa 42.

Idan kun ga 312, yaro ya cusa 12 gaba ɗaya a gida ɗaya. Idan kun ga 32, ya manta damin da ya ɗauka. Idan kuma ya tara 123 da 45 ya sami 573 maimakon 168, to daga hagu ya jera lambobin, 4 ta faɗa gidan ɗari-ɗari. Takarda mai layi tana hana wannan.

Ɗebewa ita ce ta fi ba yara wahala. A ɗebe 17 daga 42. Tsinke biyu ba za su ba da bakwai ba, sai a kwance dami ɗaya: saura dami uku, tsinke kuma sha biyu. Bakwai daga sha biyu, biyar. Ɗaya daga uku, biyu. Amsa 25. Yaron da ya sami 35 yawanci ya juya ne, ya ɗebe 2 daga 7 saboda ta fi sauƙi, ko kuma ya kwance dami bai rage shi daga huɗun ba. Kada ku dake shi, ku miƙa masa tsinken ya kwance da kansa. Don a tabbatar, a tara 25 da 17, dole su koma 42.

In hannu ya faɗa, a gwada da kuɗi, amma da takardar ₦10 da ₦100 da ₦1,000 kaɗai, domin su ne kowace take ninka ta baya sau goma. ₦2,350 takardar dubu guda biyu ce, da ta ɗari guda uku, da ta goma guda biyar. Ku ajiye ₦20, ₦50, ₦200 da ₦500 tukuna.

Siffofi

Da ƙirga gefe da kusurwa ake gane siffa. Faifai da murfin tukunya da'ira ne, babu kusurwa. Alwatika gefe uku, kusurwa uku. Murabba'i gefe huɗu, duka tsawonsu ɗaya. Ƙofa da takardar naira su ma kusurwa huɗu gare su, sai dai gefe biyu sun fi biyu tsawo. Ku yanka alwatika a kwali ku juya kanta ƙasa. Yaro kan ce ba ita ba ce, don a tsaye ya saba ganinta a littafi. Ya bi gefen da yatsa ya ƙirga.

Aiki

1. Ku rubuta da lamba: ɗari biyu da takwas, talatin ba biyu.
2. Nawa ce darajar 6 a cikin 64, da kuma cikin 46?
3. 38 + 26 =
4. 51 − 24 =
5. Ku sa yaro ya haɗa murabba'i da tsinke huɗu, sannan ya cire ɗaya ya mayar da shi alwatika.